Baƙin Tambari a Fuskar Kelepi

Sau ɗaya tak aka taɓa ɗaukar mijina Kelepi a bidiyo. Hotuna kam muna da su, amma a duk cikinsu ya ƙame kamar wanda aka hana numfashi. A bidiyon nan ne kawai yake dariya, kuma yake kiran sunana. Daƙiƙa arba'in da ɗaya ne tsawonsa.

Jikarmu Fusi ce ta ɗauke shi, shekara guda kafin rasuwarsa. Ubanta yana New Zealand yana aikin tsinkar tuffa, don haka a hannunmu ta tashi. A lokacin wani kamfani mai shigo da taliyar leda da lemon kwalba ya sa gasa a waya: kowane yaro ya ɗauki tsohon gidansu yana cin taliyarsu mai yaji ɗanya, yadda yara ke murtsuke ta a leda su zuba garin yajin su girgiza. Wanda aka fi kallo zai ci sabuwar waya. Fusi ba ta ci ba, amma duk mutanen garinmu Kolonga sun kalli Kelepi yana zaune gindin mangwaro, idonsa na hawaye, yana fifita baki da hula yana ihu, "Lesieli! Kawo ruwa, bakina ya kama da wuta!"

Ciwon sukari ya fara da ɗan yatsan ƙafarsa, sai ƙafar, sai ƙoda. A watan Yuni ya tafi, cikin sanyi. Muka lulluɓe shingen gida da baƙin ƙyalle da shuɗi, muka sa baƙaƙen kaya, muka ɗaura manyan tabarmin makoki a ƙugu. Yayarsa Kalolaine ta zauna a wajen kansa, domin ita ce babba a kansa, maganarta ce ake bi. Da kwana goma suka cika ta yanke gashin 'ya'yanmu mata da na Fusi. Duk wanda ya zo mana da tabarma ko zanen ɓawon itace ko katan na naman gwangwani, bai koma gida hannu wofi ba. Wannan kam na tsaya a kai da kaina.

Da mutane suka watse, gidan ya yi shiru, sai na ce wa Fusi ta kunna min kakanta.

"Nena, ba caji," ta ce. Nena take kirana tun tana rarrafe.

"Ba caji, kuma tun safe kanki na cikinta? Kunna."

Ta kunna, ta miƙo min wayar tana kallon gefe. Ga gindin mangwaro, ga hular, ga muryarsa. Amma a tsakiyar hoton akwai wani baƙin tambari mai kusurwa takwas, da farin rubutun Turanci a ciki. Ya rufe fuskarsa tun daga goshi har ƙirji. Ina jin yana kirana, ba na ganin bakin da ke kiran. Na sa yatsa na goga. Na hura. Na karkata wayar ko zan hango shi ta gefe.

"Wannan fa? Da ba ya nan."

"Haka ya fito."

"Me aka rubuta?"

"Ba komai ba ne, Nena. Bar shi kawai."

"Cire min shi in ga fuskarsa."

"Ba ya ciruwa. A shafin kamfanin yake. Na asalin yana cikin waccan wayar da ta faɗa teku."

Gaskiya ne, tsohuwar wayarta ta suɓuce mata a ruwa ranar da muka je tsintar katantanwa. Ta karɓe wayar ta shige ɗaki.

Ni aji huɗu na yi a makaranta. Ina karanta Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙin coci a harshenmu, Turanci kuwa sai sunan sabulu. Kwana biyu tambarin nan yana min yawo a kai. Wa ya sa shi? Me ya sa baƙi? Me ya sa sai bayan ya mutu? Ina share ganye a tsakar gida sai na ɗaga kai na ga baƙin ƙyallen da ke shinge, abin ya faɗo min. Na ajiye tsintsiya na tafi gidan Kalolaine.

Na same ta tana buga ɓawon itacen da ake yin zane da shi da guduma. Ta saurare ni har ƙarshe ba ta daina bugu ba.

"To ke me kika gani?" ta ce.

"Na ga masu kamfanin taliyar sun sa masa baƙi. Labari ya kai musu, sun yi mana ta'aziyya irin tasu ta waya."

Ta ajiye gudumar. "Kuma tun yaushe?"

"Ban sani ba. Ƙila tun ranar jana'iza."

"Wayyo, Lesieli! Mutane sun sa wa ƙanena baƙi a gaban duniya, kina zaune kina share ganye? An kai musu rabonsu?"

"Ina na san su?"

"Ba a kantin Sinawa kike sayen taliyar ba? Su ba su san inda suke saro ta ba? Tun kina amarya haka kike, sai an tura ki. Kar a ce gidan Kelepi an ci ta'aziyyar mutane an share baki."

Washegari muka haƙa ramin gashi. Muka gasa ɗan alade guda, da doya manya biyu, da ƙunshin ganyen gwaza da madarar kwakwa. Muka saƙa kwandon ganyen kwakwa muka shirya komai a ciki. Fusi na tsaye a bakin ƙofa, gashinta guntu, tana kallonmu.

"Nena, don Allah kar ki je."

"Saboda me?"

"Za su yi miki dariya."

"Wa ke yi wa mai takaba dariya? Idan kin san wani abu ki faɗa."

Ta kau da kai. Na lura wuyanta ya rame. Tun jana'iza ba ta cin abin kirki, amma na ɗauka kewa ce, kowa a gidan haka yake. Ni dai abu biyu ne a raina: in sauke nauyin mutane, in kuma roƙe su su ɗan matsar da baƙin gefe, ko ya koma kan kafaɗarsa, in ga fuskarsa.

Ranar Laraba na shiga bas zuwa babban birni Nuku'alofa, kwando a cinya. Kwandastan ya ce ƙamshin zai sa direba ya faɗa da mu rami. Wata mata ta tashi ta ba ni wurin zama kusa da taga saboda tabarmar da ke ƙuguna. Ma'ajiyar kamfanin tana can wajen tashar jirgin ruwa, wani dogon gini na kwano, katan-katan har rufi. Ban taɓa ganin taliya da yawa haka ba. Na tsaya ina tunanin wa zai cinye wannan duka, sai na tuna mu ne.

Masu dako huɗu suna hutawa a bakin ƙofa. Da suka ga baƙaƙen kayana suka miƙe. Na ce daga gidan marigayi Kelepi na Kolonga nake, na kawo wa masu gidan nan rabonsu. Babbansu ya karɓi kwandon da hannu biyu, ya yi godiya yadda ake yi, ya ce maigida yana waya, in zauna. Suka kawo min kujera. Na zauna kusan rabin awa ina kallon wata mota mai ƙahoni biyu tana ɗaga kaya. Ina so in tambayi yadda take yi ba ta kifewa, amma ba ranar tambaya irin wannan ba ce.

Maigidan ya fito, saurayi ne, bai fi talatin da biyar ba, da farar riga. Sunansa Manase. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi min gaisuwar rashi. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Yana saurare fuskarsa na canzawa.

"Uwa," ya ce, "wane baƙi?"

Na kwatanta masa da yatsu, mai kusurwa takwas. Ya dafe kai. Ya juya wajen masu dakon.

"Kai, ina kwandon?"

Babbansu yana goge baki da bayan hannu. Ɗan aladen saura kai da ƙafa ɗaya.

"Mun ɗauka an sani ne, maigida," ya ce. "Mun ajiye maka kunne."

"Allah ya shirye ku," in ji Manase. Ya jawo wani katan ya zauna a kai, ƙasa da kujerata. "Uwa, ba mu muka sa shi ba. Ba mu ma san ya rasu ba."

"To wa ya sa?"

"Mutanen lafiya ne da masu manhajar da ake kallon bidiyon a ciki. Wani gwaji suke yi. Duk tallan irin abincin nan da ake nuna wa yara a waya, sai tambarin ya hau kansa da kansa."

"Ba don ya mutu ba?"

"A'a. Duk tsofaffin da suka shiga gasar an sa musu. Da masu rai da waɗanda suka tafi."

Kunya ta kama ni, amma son sani ya fi ta ƙarfi.

"Me ya sa a fuska? Babu wuri a ƙasa?"

"Idan a gefe ne ana iya yanke shi. Shi ya sa suke sa shi a tsakiya."

"Wayo ke nan. To karanta min."

"Uwa..."

"Ɗana, mutanenka sun cinye aladena. Karanta min."

Ya ciro wayarsa ya nemo Kelepi. Muryar ta tashi a cikin ginin kwanon nan, "Lesieli! Kawo ruwa!" Masu dakon suka sunkuyar da kai. Manase ya tsayar da shi, ya karanta a hankali yana juya min zuwa harshenmu.

"Gargaɗi. Gishiri ya yi yawa. Sukari ya yi yawa. Abincin masana'anta ne da aka sarrafa ƙwarai. Yawan cinsa na iya kawo ciwon sukari da hawan jini."

Na sa ya maimaita. Ya maimaita.

"Shi ke nan? Babu sunansa?"

"Babu."

Na miƙa hannu na ɗauki leda ɗaya daga wani buɗaɗɗen katan, na juya ta gaba da baya. Ja da ruwan ɗorawa, da hoton barkono mai dariya.

"Ina baƙin a nan?"

"A leda babu. A waya kawai."

"Wato wanda zai kalla an gaya masa, wanda zai ci ba a gaya masa ba?"

Ya mayar da wayarsa aljihu.

"Kuma na yara ne, ka ce. Kelepi shekararsa sittin da uku."

"Yara ake wa tallan, uwa."

"Yara ake wa tallan, su kuma su kawo gida." Ba faɗa nake ba, ina ƙoƙarin fahimta ne. "Kai kana ci?"

"Matata ta hana ni," ya ce. Ɗaya daga cikin masu dakon ya tuntsire da dariya, ya kama bakinsa.

Sai na roƙe shi abin da na zo roƙo, ya matsar min da tambarin. Ya ce ba shi da iko a kansa. Ya ƙara da cewa masu kamfanin daga waje sun ba da umarni a sauke duk bidiyon gasar ranar Juma'a, domin tambarin na kashe musu kasuwa. Bayan Juma'a babu fuska, babu murya.

Ban yi kuka a gabansu ba. Na ɗauki kwandona wofi na tafi tashar bas.

A hanya ne na tuna Fusi. Ita tana jin Turanci. Tun yaushe take kallon rubutun nan a fuskar kakanta, a bidiyon da ita ta ɗauka, taliyar da ita ta sa masa a hannu? Na same ta a bayan gida tana ba kaji tsakin kwakwa.

"An karanta min," na ce.

Ba ta juyo ba. "'Yan ajinmu ma sun karanta. Wata ta ce na sayar da kakana saboda waya, wayar ma ban samu ba."

"Wace ce? 'Yar gidan wa?"

"Ba ƙarya ta yi ba, Nena. Ya fito daga asibiti da sati biyu na ba shi taliyar nan."

Na ce mata kakanta ya shekara arba'in yana cin naman gwangwani da kitsen rago kafin a haife ta. Ta ce ta sani. Amma na ga maganar ba ta shige ta ba. Da maraice ta tura kwanonta gefe kamar kullum.

Kalolaine da ta ji labari dariya ta yi har tana riƙe ciki, sannan ta tsaya cak.

"Tsaya. Sun ci?"

"Har ƙashi."

"Sun ci rabon makoki ba su zo gaisuwa ba? Wane ne yaron? Manase na wa?" Na faɗi abin da na sani. "Af! Ɗan Uinise ne, ta garin Lapaha. Tare muke ƙungiyar matan coci. Bari in kira ta in ji ko haka ta rene shi."

Ban san me suka ce wa juna ba. Abin da na sani shi ne ranar Juma'a da hantsi farar mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Manase ya fito cikin baƙaƙen kaya, da tabarma a ƙugu, uwarsa na biye da shi tana masa faɗa tun daga mota. Ya sauke zanen ɓawon itace, da katan guda na taliya. Suka zauna a ƙasa daga bakin ƙofa, aka yi gaisuwa yadda ya kamata.

Kalolaine ta kalli katan ɗin. "Wannan fa? Ka zo ka ƙarasa sauranmu ne?"

"Hannuna ne ya saba," ya ce, yana sosa ƙeya.

Ba a mayar da kayan ta'aziyya, kuma ita ke fara zaɓe. Ta jawo katan ɗin gefenta. "Nawa ne. Aladuna ba sa jin Turanci."

Sai Manase ya matso ya ce akwai wani abu. Duk yaran da suka shiga gasar sun turo musu na asali kafin a ɗora a shafi. Ya bincika cikin kwamfutar ofis har ya samo na Fusi. Ya tura mata a wayarta, ya ce wannan nata ne, ba talla ba ne, babu abin da zai hau kansa.

Fusi ta miƙo min za ta tashi. Na riƙe zanenta. "Zauna."

Ga shi nan. Giɓin haƙoransa na gefen hagu, da na fara mantawa da wane gefe ne. Gumi a hancinsa. Yadda yake rufe ido ɗaya idan yana dariya. Ya juya ya kalli wajen kicin, inda nake, ya kira ni. Kalolaine ta ja gefen mayafinta ta rufe baki.

Sai a ƙarshe, daƙiƙa uku kafin ya ƙare, wani hannu ya shigo daga gefe, daidai inda tambarin ya rufe. Hannun mace, da zoben azurfa da tabon ƙunar tukunya a wuyan hannu. Ya miƙa masa kwalbar jan lemo, babba. Ya kafa kai.

Na kalli hannuna. Duk watannin nan, in na tuna ranar, kofin ruwa nake gani na kai masa. Da an sa ni in rantse a coci da na rantse.

"Mayar baya," na ce. Fusi ta mayar. "Tsayar a nan. Hannun wa ke nan?"

Ta kalla, ta kalle ni.

"Me ya ce in kawo?"

"Ruwa."

"Me na kawo?"

Ta sake kallon kwalbar a cikin wayar.

"Na san yana so, shi ya sa. Kullum na je kanti sai na sayo masa, in ɓoye a bayan buhun fulawa kar nas ta gani in ta zo duba ƙafarsa. To ki gaya wa 'yar ajinku, idan ana neman wanda za a rataya wa, ta fara da ni, sannan ta bi gari gida-gida."

"Ni ma na sha kai masa," in ji Kalolaine, tana share ido. "Ranar Lahadi bayan coci. Biyu-biyu."

Fusi ta kifa kai a cinyata, a kan tabarmar mai kaushi, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka yanke mata gashi. Manase ya ƙura wa ƙasa ido. Uwarsa ta zungure shi ta ce ya je ya taimaka a ɗauko abinci, kar ya zauna kamar kututture.

Mun ba su rabonsu kafin su tafi, doya da kifi. Fusi ta ci doya yanka uku a ranar, ina kallo ban yi magana ba.

An sauke mai tambarin da yamma kamar yadda aka ce. Kafin nan na sa Fusi ta kwafe min rubutun a takarda, da Turanci da harshenmu, na sa a cikin littafin waƙoƙina. Har yanzu ban gane me ya sa yake da kusurwa takwas ba. Na tambayi nas, ta ce irin na alamar tsayawa ce ta kan titi, amma ta titi ja ce, don haka ban gamsu ba.

Yanzu in za mu kantin Sinawa tare muke zuwa. Ina ɗauko leda, Fusi ta juya bayanta ta karanta min ƙananan rubutun. Mai kantin ya gaji da mu, ya ce mu saya ko mu ajiye. Wani lokaci mu ajiye, wani lokaci mu saya.

Kelepi kuwa ina kallonsa kowace safiya bayan na share tsakar gida. Da farko nakan sa babban yatsana in rufe hannun nan idan ya shigo. Sai na ga in na rufe shi ina rufe rabin fuskarsa, daidai lokacin da yake ɗago ido ya kalle ni. Na daina.